Daga ƙasan teburi zuwa neman Kofin Stanley: yadda ake tayar da ƙungiyar hokin ƙanƙara da ta durƙushe

A ranar 3 ga Janairun 2019, ƙungiyar St. Louis Blues ce ta ƙarshe a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Ta buga wasa 37, makinta 34 kacal. Cikin watan Yunin wannan shekarar ta doke Boston a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe, wato wasan da ke raba gardama idan an yi canjaras uku da uku, ta ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, karon farko a tarihinta. Ita kuwa Buffalo Sabres ta yi kaka 14 a jere, daga 2012 zuwa 2025, ba ta ko leƙa zagayen neman kofi ba, duk da cewa ta sha samun damar zaɓen matasa mafi hazaƙa a duniya. Saboda haka amsar ko ƙungiyar da ke shan kashi za ta iya farfaɗowa ita ce e, tana iyawa. Abin da ya raba St. Louis da Buffalo shi ne gane ciwon kafin a nemi magani. Ga yadda ake bin lamarin, ko kai mai goyon baya ne da ke son auna ƙungiyarsa, ko kana son fahimtar abin da manajoji ke ƙullawa.

Mataki na 1: San inda layin yake

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, an raba su gida biyu, Gabas da Yamma, kowane gida da rukuni biyu masu ƙungiya takwas-takwas. Rabinsu, wato 16, ke shiga zagayen neman kofi: uku na sama a kowane rukuni, sai gurabe biyu a kowane gida ga waɗanda suka fi maki cikin ragowar. Nasara maki 2 ce. Wanda aka cinye bayan ƙarin lokaci ko bugun raba-gardama yana tafiya da maki 1. A kakar wasa 82, gurbin ƙarshe yakan faɗo ne tsakanin maki 91 zuwa 100, don haka masu lissafi kan sa 96 a matsayin abin hari.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai ya riƙe abu biyu a ransa. Babu faɗawa ƙaramin rukuni a nan, wanda ya zo na ƙarshe ma shi ke da babban rabo a ƙuri'ar zaɓen matasa. Sannan akwai iyakar albashi tun 2005: babu attajirin da zai zo ya zuba kuɗi ya sayi taurari goma. A lokacin da aka kafa ta dala miliyan 39 ce ga kowace ƙungiya, a kakar 2025-26 ta kai miliyan 95.5. Tsarin gaba ɗaya an gina shi ne don na ƙasa ya iya tasowa.

Yanzu ɗauki biro. Rage makin da ƙungiyarka ke da shi daga 96, ka raba abin da ya rage da yawan wasannin da suka saura. Idan an kai rabin kaka tana da maki 36, tana bukatar 60 a wasa 41, wato ta koma buga wasa irin na ƙungiyar da ke kammala kaka da maki 120, abin da zakaru ma ba kullum suke yi ba. St. Louis ta samu maki 65 a wasa 45 na ƙarshe. Shi ya sa har yau ake ba da labarinta, don ba kasafai ake ganin haka ba. Masu bin ƙididdiga sun daɗe da lura cewa kusan uku cikin huɗu na ƙungiyoyin da ke cikin gurbi a ƙarshen Nuwamba su ne ke riƙe da shi har Afrilu.

Mataki na 2: Tantance irin ciwon

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ƙungiyoyin da ke ƙasan teburi iri biyu ne. Akwai mai kyau da abu ɗaya ko biyu suka kwance mata, akwai kuma wadda ba ta da 'yan wasa kwata-kwata. A teburi kamarsu ɗaya. Maganinsu kuwa ya sha bamban, har na ɗaya yana iya kashe ɗayar.

Teburi ba zai faɗa maka ba, sai ka duba abin da ke faruwa lokacin da ake biyar da biyar a kan ƙanƙara, ba wanda aka kora. Wa ya fi kai hari? Idan ƙungiyarka ce ke da fiye da rabin hare-haren, musamman waɗanda ake bugawa daga gaban raga, to tana riƙe da wasa, sakamako ne kawai bai zo ba. Idan kuwa kullum a gidanta ake yini, kashi 45 cikin 100 na hare-hare ko ƙasa da haka take samu, babu kocin da zai gyara wannan cikin wata biyu.

Sai wani lissafi mai sauƙi da masu nazari ke yi: haɗa kason hare-haren ƙungiyar da ke shiga raga da kason da golanta ke tarewa. Jimillar gasar gaba ɗaya dole ta ba da 100, domin duk bugun da bai shiga ba an tare shi ne. Ƙungiyar da ke kan 97 a watan Disamba galibi rashin sa'a ke damunta ko gola, kuma lambar takan hau da kanta. Wadda ke kan 103 tana cin bashin sa'a ne, za ta biya.

Duba kuma tazarar ƙwallaye, wato waɗanda aka ci a cire waɗanda aka zura mata. Ƙungiyar da ake yawan cinyewa da ƙwallo ɗaya ta fi kusa da gyara a kan wadda ake lallasawa da uku da huɗu. Na ƙarshe, jerin masu rauni. Idan babban ɗan tsakiya da babban ɗan baya suna kwance tun Oktoba, kada ka yanke wa ƙungiyar hukunci tukuna.

St. Louis ta 2019 irin ta farko ce. Tana da Ryan O'Reilly da ta karɓo daga Buffalo a Yulin 2018, tana da Alex Pietrangelo a baya da Vladimir Tarasenko a gaba. Colorado ta kakar 2016-17 kuwa ta fi kama da ta biyu: maki 48 ta samu, wadda ke samanta ta ba ta tazarar 21. Idan taka irin St. Louis ce, matakai na 3 da na 4 ne naka, kuma kana iya ganin sakamako a kakar da ake ciki. Idan irin Colorado ce, sai ka bi duka, ka kuma shirya haƙurin shekara biyu zuwa huɗu.

Mataki na 3: Fara da raga

Babu wani gurbi a wannan wasa da mutum ɗaya ke juya sakamako kamar mai tsaron raga. 'Yan gaba 12 ne suke karɓa-karɓa, kowa ya yi kamar daƙiƙa 45 ya fito ya huta. Gola kuwa yana nan tsawon minti 60. A ce ana kai wa ƙungiya hari 30 a wasa, hari 2,460 ke nan a kaka. Golan da ke tare kashi 91 cikin 100 da wanda ke tare 90, da ido ba za ka bambance su ba, amma tsakaninsu akwai ƙwallo kusan 25. Bisa kiyasin da aka saba, ƙwallo uku daidai suke da maki ɗaya, to maki takwas ke nan. Maki takwas su ne tazarar da ke tsakanin shiga zagayen kofi da zaman gida a watan Afrilu.

Abin da ya faru a St. Louis ke nan. Jordan Binnington yana can a ƙaramar gasar AHL, ba wanda ke ambatonsa, shekarunsa 25. Ranar 7 ga Janairu aka fara sa shi tun daga farkon wasa, a Philadelphia, bai bari ko ɗaya ta shiga ba. Ba a jima ba ƙungiyar ta ci wasa 11 a jere.

Sai dai a yi hattara, gola ba abin da ake iya hasashensa ba ne. Wanda ya haskaka bana yana iya dusashewa baɗi. A ganina ƙungiyar da ke ƙasa ba ta da hurumin ɗaure kanta da kwantiragin shekara bakwai ga gola mai shekara 30. Gara ta samu biyu masu matsakaicin albashi su raba wasannin, ta kuma ɗauki ƙwararren mai horar da gololi, wanda albashinsa ba ya cikin iyakar da aka ƙayyade.

Mataki na 4: Koci da tsarin tsaro

Korar koci ita ce abu mafi sauƙi ga manajan da wuta ta taso masa, kuma tarihi yana ba shi hujja. Pittsburgh ta sauya koci a tsakiyar kaka sau biyu, Dan Bylsma a Fabrairun 2009 da Mike Sullivan a Disambar 2015, duk biyun ta ɗauki kofi a kakar. Los Angeles ta kawo Darryl Sutter a Disambar 2011, ta shiga a gurbi na takwas, ta cinye. St. Louis ta maye Mike Yeo da Craig Berube a Nuwambar 2018. Edmonton ta fara kakar 2023-24 da nasara uku a wasa 13, ta kawo Kris Knoblauch, ta ci wasa 16 a jere, ta kai wasa na bakwai na zagayen ƙarshe.

Amma dubi sunayen da kyau. Pittsburgh na da Sidney Crosby, Edmonton na da Connor McDavid. Duk ƙungiyoyi ne masu 'yan wasa, waɗanda suka daina sauraron muryar da ke benci. Inda babu 'yan wasa, sauya koci kamar sauya direba ne ga motar da injinta ya buga. Buffalo ta gwada koci shida tsakanin korar Lindy Ruff a 2013 da dawo da shi a 2024. Colorado kuwa ta bar Jared Bednar a kujerarsa bayan kakar maki 48, wadda ita ce kakarsa ta farko, kuma shi ne ya ɗauko mata kofi a 2022.

Abin da koci ke iya gyarawa da sauri shi ne tsaro. Zura ƙwallo baiwa ce, hana zurawa kuwa ana koyar da shi: inda kowa zai tsaya, yadda za a fitar da ƙwallo daga gida ba tare da miƙa ta ga abokin hamayya ba, da toshe tsakiyar fili. New York Islanders ce ƙungiyar da aka fi zura wa ƙwallo a kakar 2017-18. Da bazara kyaftin ɗinta John Tavares ya tafi Toronto, kowa ya ɗauka ta gama yawo. Sabon koci Barry Trotz ya zo, a kakar da ta biyo ita ce aka fi ƙarancin zura wa, an rage kusan ƙwallo 100, ta kammala da maki 103. Gololinta biyu, Robin Lehner da Thomas Greiss, ba wanda ake kira tauraro a cikinsu kafin lokacin.

A nan ne kuma ake gyara wasan lokacin horo. Idan aka kori ɗan wasa na minti biyu, ɗaya ɓangaren na da biyar a kan huɗu. Matsakaiciyar ƙungiya na cin ƙwallo a kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan dama, tana kuma kare kanta a huɗu cikin biyar idan ita aka rage. Haɗa kason biyu. Idan bai kai 100 ba, ga maki nan a zube waɗanda atisaye da bidiyo za su iya kwasowa.

Mataki na 5: Sayar da abin da ba zai kai lokacin girbi ba

Wannan na ƙungiyar da ba ta da 'yan wasa ne. Ana rufe kasuwar musaya a farkon Maris. Kafin ranar, duk ɗan wasan da ya haura 30, ko wanda kwantiraginsa ke ƙarewa kuma ba zai sabunta ba, a miƙa shi ga masu neman kofi a karɓi matasa da guraben zaɓe. Abin da zafi, magoya baya za su yi ta ƙorafi. New York Rangers ta rubuta wa magoya bayanta wasiƙa a Fabrairun 2018 ta gaya musu ƙarara cewa za su rabu da fuskokin da suka saba da su. A 2022 ta kai wasan ƙarshe na gidan Gabas.

Gwanin wannan mataki shi ne Joe Sakic, manajan Colorado a lokacin. Matt Duchene ya nuna yana son tafiya, aka yi ta matsa wa Sakic ya sallame shi, ya ƙi sai farashin ya yi masa. A Nuwambar 2017 ya ƙulla musaya da Ottawa da Nashville, ya samu ɗan baya Samuel Girard da gurbin zaɓen da ya zama Bowen Byram. Bai taɓa Nathan MacKinnon da Mikko Rantanen da Gabriel Landeskog ba. A kakar nan Colorado ta tashi daga maki 48 zuwa 95, ta shige zagayen neman kofi a wasan ƙarshe na kaka bayan doke St. Louis.

Kuskuren shi ne a share gida tas. Buffalo ta rabu da O'Reilly, ya ɗauki kofi a St. Louis har da kyautar gwarzon zagayen. Ta rabu da Sam Reinhart a 2021, ya ɗauka sau biyu a Florida. Ta rabu da Jack Eichel a shekarar, ya ɗauka a Vegas a 2023. Gaskiya ta samu Tage Thompson a cinikin O'Reilly, ba asara zalla ba ce. Amma yaran da suka shigo ɗakin da ba wanda ya san hanyar nasara, shan kashi suke koya.

Mataki na 6: Zaɓen matasa da renonsu

Kowace bazara ana zaɓen zagaye bakwai. Guraben sama da ƙuri'a ake raba su, don haka zuwa na ƙarshe ba ya tabbatar da zaɓi na ɗaya. Colorado ta faɗo zuwa na huɗu a 2017 duk da munin kakarta, a can ta ɗauki Cale Makar, wanda ya zama gwarzon zagayen kofi a 2022. Edmonton ta yi zaɓi na ɗaya a 2010 da 2011 da 2012 da 2015, duk 'yan gaba, ta yi shekara goma ba ta shiga zagayen kofi ba, domin bayanta da ragarta a buɗe suke.

Abin da ya kamata a fara nema shi ne ɗan tsakiya na layin farko da ɗan baya mai iya buga minti 24 ko 25 a dare. Waɗannan ba a cika samunsu a kasuwa ba. 'Yan gefe kuwa ana samu. Kuma a lura da zagaye na biyu zuwa ƙasa, nan ake gane masu sa ido na ƙwarai. Montreal ta zo ta ƙarshe a 2022 da maki 55, ta ɗauki Juraj Slafkovsky a na ɗaya, amma Lane Hutson da ta ɗauka a na 62 shi ne ya ci kyautar sabon ɗan wasa a 2025, shekarar da ta koma zagayen kofi ƙarƙashin koci Martin St. Louis.

Kada a yi gaggawar hawar da yaro. Shekara ɗaya ko biyu a AHL yana buga minti 20 ta fi masa zaman benci a babbar gasa. Kwantiragin farko na matashi shekara uku ne a kan ƙaramin albashi, kuma waɗannan shekaru su ne tagar da ƙungiya ke da rarar kuɗin ƙaro wasu.

Mataki na 7: Kama hannunka ranar 1 ga Yuli

Ranar ce ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. Yawancinsu sun kai 27 ko sun wuce, wato kana biyan aikin da suka riga suka yi wa wani. Edmonton ta ba Milan Lucic shekara bakwai a kan dala miliyan 42 a 2016, bayan shekara uku ta nemi hanyar rabuwa da shi. Florida ta bi ta wata hanyar. Manajanta Bill Zito ya ɗauki Carter Verhaeghe a 2020 a kan dala miliyan ɗaya a shekara bayan Tampa Bay ta sake shi, ya zo ya ci ƙwallo 42 a kaka guda. Ya tsinci Gustav Forsling a Janairun 2021 daga jerin waɗanda Carolina ta sallama, bai ba da kowa ba, Forsling ya zama ginshiƙin bayansu.

Mataki na 8: San lokacin da za a daina tarawa

Tara guraben zaɓe yana da daɗi, domin ba ya bukatar a ci wasa. Wata rana dole a juya. Alamar ita ce matasan sun fara riƙe fiye da rabin hare-hare, tazarar ƙwallaye ta matso sifili, raga ta zauna. A lokacin ne ake kashe abin da aka tara a kan mutum ɗaya da ya dace da shekarun sauran. Florida ta ba da Jonathan Huberdeau, wanda ya gama kaka da maki 115 na ƙashin kansa (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci), da MacKenzie Weegar, ta karɓi Matthew Tkachuk mai shekara 24 a Yulin 2022. Da ƙyar ta shiga a 2023, gurbin ƙarshe da maki 92, maki ɗaya tak a gaban Buffalo. Ta haɗu da Boston da ta kafa tarihi da nasara 65 da maki 135, ta fitar da ita a wasa na bakwai da ƙwallon Verhaeghe. Ta sha kashi a hannun Vegas a zagayen ƙarshe, sannan ta ɗauki kofin a 2024 da 2025.

Tsalle ɗaya kuma ba ya nufin an iso. New Jersey ta tashi daga maki 63 zuwa 112 a kakar 2022-23, aka ce sabuwar daula ta zo. Kakar da ta biyo raunuka suka kama Jack Hughes da Dougie Hamilton, raga ta yi ta yoyo, ta faɗo zuwa 81, aka kori koci a watan Maris. Sai da ta koma mataki na 3 da na 4, ta karɓo gola Jacob Markstrom daga Calgary a Yunin 2024, ta ɗauki Sheldon Keefe a matsayin koci, sannan ta sake samun gurbi a 2025.